'Yar Tsanar Ƙyalle da Zaman da Ta Tafi da Shi

Idan an gama yankan dawa a ƙasar Kiru da Bebeji, manya sukan ɗaure dammuna su kai rumbu, kara kuwa ya kasu uku: na danni, na girki, da na yara. Duk wanda ya tashi a Ba'awa ko Yako ko Gwarmai kafin leda da roba su cika kasuwa ya san wannan kaso na uku. Yara maza su zauna a gindin bishiya da reza a hannu suna ɓare bayan kara suna soka shi a totuwa, sai ga mota da tayoyinta, ga tabarau, ga jirgin sama. 'Yan mata kuma su zaɓi sille mai kauri wanda bai tsage ba, su yanke shi daidai taƙi guda, su ɗaura masa ƙyalle a ƙugu da wani a ka. Shi ke nan an sami 'yar tsana, kuma kafin magariba an raɗa mata suna.

Ta kara ba ta daɗewa. In ta kwana biyu a goye sai ta karye. Mai ƙarko ita ce ta ƙashi. Bayan Babbar Sallah, ko ranar da mahauci ya yi yanka, yarinya takan yi dakon ƙashin ƙafar rago ko na saniya, a kankare shi da toka, a shanya a kan danga har ya yi fari. Gaɓar nan mai dunƙule ita ce kai. A liƙa mata danƙo, a dasa baƙin zare a yi kitso, a zagaya wuya da tsakiya, ƙugu da 'yar jigida. Masu zama kusa da fadama laka suke ginawa su shanya, wani lokaci su tura cikin murhu bayan an sauke tuwo. A Doguwa da Tudun Wada, inda masara ta fi yawa, totuwar masara da gemunta sun wadatar, ga jiki ga gashi a tsiro ɗaya.

A wancan zamani jikin 'yar tsana ba na tufa ba ne, kuma dalilin a fili yake: tufa tana da tsada. Kafin zane ya hau ƙugun mace, sai wata ta gurje auduga, ta shiɓe ta, ta zauna da mazari tana dangwalar alli tana kaɗi. Masaƙi ya saƙa ƙwarya-ƙwarya, maɗinki ya haɗa, marini ya tsoma a karofi, mabugi ya buga har ya yi sheƙi. Kudancin Kano kuwa yana tsakiyar wannan sana'a, daga Kura da Bunkure zuwa Rano da Zarewa. Bebeji kanta babban garin fatake ne. Baturen Ingila Hugh Clapperton ya ratsa ta cikinta a 1826 ya same ta a cike da jama'a, kuma a nan aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877. Mutanen da suke rayuwa da cinikin tufa sun fi kowa sanin darajarta. Zanen da ya sha wannan wahala ba a sa masa almakashi don wasa. In ya tsufa ya koma majanyi, in ya ƙara tsufa ya zama gammo, ƙarshensa lagwanin fitila. Abin da ke isa hannun yarinya ɗan siririn yanki ne da bai kai faɗin yatsu uku ba, kuma takan adana shi a cikin ƙoƙo tare da kwallinta.

Sai ga atamfa da akoko da alawayyo sun shigo ƙauye. An buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, wasu suka biyo baya a Kaduna da Kano, yadi ya yi araha fiye da saƙi. Keken ɗinki ya bi yadi. Singer da Butterfly suka zauna a zaurukan gidaje da rumfunan kasuwa, a Kwanar Ɗangora da Kafin Maiyaki da sauran kasuwannin da ke bakin hanyar Kano zuwa Zariya, daga baya ma keke ya shiga jerin kayan ɗakin amarya mai gata. Duk inda keke yake kuwa, ƙyalle yana zube a gindinsa. Wannan ne ya haifi 'yar tsanar ƙyalle a yankin. Ba tsohuwar aba ba ce kamar ta ƙashi. Ita 'yar zamanin masana'anta ce, kuma tashenta ya yi daidai da tashen masaƙun Arewa.

Goman ƙarshe na azumi shi ne lokacin girbinta. Tela ba ya barci, almakashi ba ya hutawa, 'yan mata kuma suna tsaye a bakin rumfa suna leƙe. "Baba tela, a taimaka mana da ƙyalle." Wani ya kore su, wani ya tura musu tarin da ƙafa ba tare da ya ɗaga kai daga keke ba. A nan take a tsugunna a fara tsinta, a yi musaya, a yi faɗa a kan guntun leshi ko shadda. Wadda ta sami yankin atamfar da ta yi daidai da kayan Sallarta, ranar ba ta da sauran buƙata, domin ita da 'yarta za su fita anko.

Daga nan aiki ya koma tsakar gida, kuma nan ne gundarin labarin. Yarinya 'yar shekara biyar ba ta iya yanka ba, ba ta iya ƙulla zare ba. Dole ta nemi babba. Uwa tana fama da daka da surfe da goyo, saboda haka mafi yawa kaka ce ke amsa kira, ko gwaggo, ko yayar da ta tasa. Lokacin kuwa tsakanin azahar da la'asar ne, in an ci abincin rana, rana ta yi zafi, an shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya ko bayan rumbu.

"Ke kishiya, zo ki zura mini zaren nan, idona ya ƙi."

"Iya, ni ma zan ɗinka."

"Za ki ɗinka. Amma riƙe ta nan, ba can ba. Komai ƙanƙantar allura ƙarfe ce."

Za a ninka ƙyalle biyu, tsohuwa ta zana siffar da gawayi ko guntun sabulu, kai da gangar jiki a haɗe. Ta yanka. A ɗinke ta bai-bai, a bar 'yar ƙofa a gindi, sannan a juya da tsinke ko bakin ludayi, wanda shi ne wurin da yara suka fi so, domin a nan abu marar fasali yake komawa mutum a gaban idonsu. Sai cusa. Wasu su sa audugar gona, wasu audugar rimi da aka tsinto lokacin da kwansonta ya fashe da rani, wasu ragowar ƙananan ƙyallayen da ba su isa komai ba. A shaƙe wuya da zare don kai ya fito. Hannuwa a naɗe ƙyalle siriri a ɗinka a kafaɗa. Gashi a yi da abawa baƙa, daga baya da ulu. Kowa da aikinsa gwargwadon shekarunsa: 'yar shekara uku tana tura auduga da ɗan yatsa, ta biyar tana riƙe baki tana miƙa almakashi, ta bakwai an sakar mata allura. Ɗinkin nata zai karkace, wani taku dogo wani gajere, auduga tana leƙowa ta haƙarƙari. Tsohuwa mai hikima ba ta warware shi duka. Takan bi bayansa ta ƙara taku biyu inda ya yi rauni, ta bar sauran yadda yake, domin yarinyar ta iya nuna wa ƙawayenta ta ce nan ni na yi.

A cikin wannan zama ake ba da tatsuniyar da ba ta jira dare ba, ake jin wace ce ta auri wane a dangi, ake gyara wa yarinya zama da riƙon abu da hannun dama. Ba wanda ya kira shi darasi.

In an gama 'yar tsana sai hidimarta ta fara. Ana goya ta da ɗan majanyi, ana yi mata wanka da ganye, ana dama mata kunun ƙasa a murfin kwalba. Babban sha'ani shi ne biki. Wata tana da mace, wata tana da namiji, sai a ƙulla aure. A haɗa lefe a kwalin ashana, a yi jere da gwangwanayen madara da na tumatir, a sa lalle, a kai amarya da guɗa zuwa ɗakin da aka gina da kara a gindin katanga. Bayan kwana kaɗan a ce ta haihu, a yi suna. Iyaye mata sukan sa hannu da gaske: wata ta ba da ɗan gari, wata kuka da daddawa, a yi tuwo na ainihi a 'yar tukunya, a raba. Kuma ana riƙe lissafi. Wadda ta kawo miki guntun sabulu a bikin 'yarki, ranar nata dole ki kai abin da ya fi shi. Wannan ita ce al'adar biki ta manyan mata, wadda Baba ta Karo, da ta yi ƙuruciyarta a Karo da Zarewa, maƙwabtan wannan yanki, ta yi wa Mary Smith bayaninta tare da ƙawance a hirarsu ta 1949 zuwa 1950, hirar da ta fito a littafi a 1954. 'Yan mata sun koyi zumunci da ramuwar alheri a kan 'yar tsana shekaru kafin su yi shi da kuɗi.

Malamai ba su hana wasan ba, kuma suna da hujja. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi kuma yana turo mata ƙawayen in sun ɓuya. Abu Dawud ya kawo labarin dokinta mai fukafukan ƙyalle da ya sa shi dariya. Akwai kuma hadisin Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu, inda matan sahabbai suke yi wa yaransu abin wasa da gashin tumaki ranar Ashura don su shagala har rana ta faɗi. Manya ne suke haɗawa da hannunsu, saboda yara. Alƙali Iyal, mai littafin Ashafa da ake karantawa a zaurukan Kano kowane azumi, ya bayyana cewa an yi rangwame a kan 'yan tsanar 'yan mata ne domin su saba da reno. Duk da haka gidaje da yawa ba sa yi wa 'yar tsana fuska, wasu kuma ɗigo biyu na baƙin zare suke yi su tsaya. Zancen halaccin yin siffar mutum bai mutu ba har yau. A 2021 hukumar Hisba ta Kano ta hana teloli da masu shaguna amfani da mutum-mutumin tallar tufafi. 'Yar tsanar tsakar gida ta daɗe da samun tata mafitar: fuskar da ba a zana ba, yarinya ce ke yanke mata hukuncin ko dariya take ko kuka.

Ba daidai ba ne a zana wancan zamani kamar ba shi da ƙaya. Yarinyar da ke goyon 'yar tsana da hantsi ita ce ke goyon ƙaninta da yamma, ita ce ke ɗaukar farantin talla ta zaga gari. Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a kan yaran birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna yadda sana'ar matan kulle ta dogara a kan ƙafafun yara, kuma ƙauye bai bambanta ba. Da yawa daga cikin masu bikin 'yar tsana ba su daɗe da ajiye ta ba aka sa musu nasu lallen, ba tare da sun taka ƙofar aji ba. Wanda ya ga 'yan matan Kiru da Tudun Wada yau sanye da hijabi suna tafiya sakandare, wasu har kwalejin koyon aikin jinya, ba zai yi fatan a koma baya ba. Abin da ake jimami ƙarami ne a kan wannan, amma shi ma abu ne.

Bai tafi rana ɗaya ba. Shirin ilimin firamare kyauta na UPE ya zo a 1976 ya kwashe safiya. Makarantar ta zo da darasin aikin hannu, yara maza su tufka igiya su yi tsintsiya, mata su yi ɗinki, amma a hankali a wurare da yawa darasin ya koma a sayo tsintsiya a kasuwa a kawo, ko a kawo kuɗinta. Islamiyya ta ɗauki yamma, wani wurin har da dare. Masana'antun roba suka yawaita a Kano, kayan wasan Sin suka cika kasuwar Sabon Gari, masu koli suka ɗauko su a kan keke da babur har ƙauyukan bayan Tiga. Bayan matsin tattalin arziki da ya biyo shirin SAP na 1986, gwanjo ya yi ƙarfi, dilolin Ƙofar Wambai suna fito da 'yan tsanar da yaran Turai suka gaji da su. Su kuma masaƙun da suka haifar da ƙyalle suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, har babbarsu UNTL ta Kaduna ta tsaya a 2007. Bidiyo ya shigo ɗaki, wayar salula ta zo a 2001, yau kuma uwar da ke son ta sami sararin yin girki wayar take miƙa wa yaro. Hatta kaka ba lallai a same ta a gida ɗaya da jikoki ba, tunda matasa da yawa sun fi son su ware gidansu.

'Yar bebin roba tana da kyau, wannan ba musu. Tana da ido shuɗi mai lumshewa, da gashi mai santsi kalar zinariya. Mutane sun yi magana a kan wannan kamanni, kuma da gaskiyarsu: yarinyar da kullum take goyon farar jaririya mai gashin da ba irin nata ba, wani abu yana shiga ranta game da kyau, a ƙasar da man bilicin ya zama ruwan dare. Wannan damuwa ce ta sa Taofick Okoya a Legas ya fito da 'yan tsanar Queens of Africa a 2007, baƙaƙe masu tufafin gida, ciki har da wadda aka yi wa shigar Hausawa. Haneefah Adam kuwa, daga Ilorin, ta shahara a 2016 da shafinta na Hijarbie a Instagram, inda take ɗinka wa Barbie hijabi da abaya da hannunta, kafin kamfanin Mattel, da ya fara yin Barbie a 1959, ya sanar da tasa mai hijabi a 2017. Ƙoƙari ne mai kyau. Sai dai babbar matsalar 'yar roba ba launinta ba ne. Matsalarta ita ce tana zuwa a gama. Ba ta buƙatar kaka, ba ta buƙatar tela, ba ta buƙatar a zauna. In hannunta ya cire ba mai iya mayarwa, sai a jefar a jira wata kasuwa. Ta ƙyalle in ta fashe, allurar da ta yi ta tana nan soke a jikin katanga, kuma yarinyar ta san inda aka bi.

Amma sha'awar ba ta mutu a zuciyar yara ba. Har yau a Bebeji ko Daɗin Kowa za a ga yarinya ta tuɓe wa 'yar robarta siket ɗin da ta zo da shi, ta ɗaura mata zani da kallabi, ta huda ƙyalle a tsakiya ta zura kai ta ce hijabi ne. Za a ga ta goya kwalbar lemo ko takalmi in ba ta da komai. Hannunta yana neman aikin, babu dai wanda ya zauna ya nuna mata yadda ake ƙulla zare.

Abin takaicin shi ne kayan aikin ba su taɓa yawa kamar yanzu ba. Teloli sun ninka na da, maza da mata, kusan kowane layi da shagonsa, yadin Sin daga Kantin Kwari ya fi ƙarfin masu sawa. Ƙyallen da a da ake kokawa a kansa yanzu a buhu ake tara shi, wani a cusa a matashin kai, mafi yawa a ƙona a bayan shago ko ya toshe kwata, kuma da yake yadin yanzu roba ya fi yawa a cikinsa, hayaƙin nasa ma cuta ne. A ɗaya gefen kuma iyaye suna biyan kuɗi a kai 'yar shekara goma sha biyar koyon ɗinki, ta je ba ta taɓa riƙe allura ba, mai shago ya ɓata watanni yana koya mata abin da kakarta ta iya tun ba ta yi wayo ba. Matan yankin da har yanzu suke ɗinkin hula da hannu, suna samun na cefane da shi, kusan dukkansu a gindin wata babba suka fara, suna ƙanana.

Ba a buƙatar gwamnati ko tallafin wata ƙungiya kafin a dawo da wannan. Islamiyyu da yawa ba sa karatu Alhamis da Juma'a, kuma a kowace unguwa akwai tsohuwar da hannunta bai manta ba, tana zaune ita kaɗai da carbi da rediyo. Malamar firamare da ke da darasin fasaha a jadawalinta za ta iya aika yara biyu wurin telan bakin makaranta su dawo da buhu guda kyauta. Abin kiyayewa kaɗan ne. Ƙananan da ba su wuce shekara uku ba kada a sa wa tasu maɓalli ko tsakiya, domin baki suke kaiwa, zare ya isa ido in ana son ido. Allura a fara da babba marar kaifi irin ta ɗinkin buhu, a kan yadi mai sako-sako, a ƙirga allurai kafin a fara da bayan an tashi. Almakashi ya zauna a hannun babba. Yara maza ma a bar su su zauna, tunda a ƙasar Hausa ɗinkin riga da aikin wuya sana'ar maza ce tun fil azal, kuma yaron da ya iya mayar da maɓallin rigarsa ta makaranta ya rage wa uwarsa aiki guda.